Zoben Goshin Jirgi Yana Yawan Tsigewa, Ina Mafita?

Tambaya: Malam, ni ɗan fito ne a fadamar Kalgo. Sau biyu a daminar bana zoben da nake ɗaure igiyar kwale-kwalena yana tsigewa, na biyun ma da iyo na kamo jirgin. Kafinta ya ƙara ƙusoshi, amma har yanzu yana girgiɗi. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Zoben ba shi da laifi. Ciwon yana wajen ƙusar da kuma katakon da aka kafa ta.

Ƙusa tana jure nauyin da ya danne ta ta gefe, amma ba ta jure fizga. Idan Gulbin Kebbi ya cika a watan Agusta da Satumba, jirgin da ke ɗaure a kwata yana kwana yana ja yana saki, kowace fizga tana ɗan buɗe ramin ƙusar. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, katako ya yi baƙi ya ruɓe ta ciki, alhali samansa lafiya lau. Ƙara ƙusa a irin wannan wuri ƙara tsaga katako ne kawai.

Ka fara da gwaji. Ka fito da jirgin tudu, ka soka tsinin wuƙa kewaye da zoben. In ta nutse kamar ka soki dafaffen rogo, wannan katakon ya gama aiki, a yanke shi a sa sabo. Maɗaci busasshe ya fi, shi masassaƙan jirgi suka sani tun kaka da kakanni.

Daga nan a bar ƙusa, a koma ga bol da noti. A huda katakon har ƙarfen ya ɓulla ta ciki, mai kaurin milimita 10, guda biyu aƙalla, kuma kada hudar ta matsi bakin katako. Ga abin da akasari ake tsallakewa saboda tsimin kuɗi, kuma shi ne gaba ɗayan maganar: ta ciki a shimfiɗa faifan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, bol ɗin ya ratsa shi kafin a ɗaure noti. Kowane mai walda a Kalgo ko Gwandu zai yanka maka shi. Da shi nauyin fizga yake bazuwa a kan katako mai faɗi, maimakon ya taru a wuri kamar ƙwayar gero. A shafa kwalta a ramin kafin a zura ƙarfen. In ka samu ƙarfen da ba ya tsatsa, kada tsadarsa ta hana ka.

Wanda jirginsa ke da inji shi ma ya yi haka a gindin jirgi: a ruɓanya katakon da injin ke kamawa, a kuma ɗaure injin da igiya ta daban.

Ba na mantawa da 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgi maƙare da mutane ya rabe a Kogin Neja kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Jirginka ƙarami ne, amma mata da yara da manoman shinkafa kake ɗauka.

Kada ka sake ɗaukar kowa sai an yi wannan gyara, kuma duk ranar Juma'a ka sa sifana ka gwada notin.