Yaro ya tambaye ka inda ruwan tabki ya tafi? Fara da faifai biyu

Duk wanda ya girma a Zermu ko ƙauyukan da ke kewayen Mirya ya san wannan tambaya. A watan Agusta tabki ya cika har shanu na iyo, kafin bazara ta kankama ya zama busasshen taɓo mai tsagewa, sai yaro ya ce, "Baba, wa ya shanye ruwan?" Mafi yawanmu mukan ce ikon Allah ne, mu wuce. Gaskiya ne, ikon Allah ne. Amma Allah ya yi abin bisa tsari, kuma yaro ɗan shekara biyar zai iya ganin tsarin da idonsa in an nuna masa. Shawarata ga iyaye da malaman lakwal ita ce a ajiye littafi tukuna, musamman irin mai hoton dusar ƙanƙara da yaranmu ba su taɓa takawa ba. Kayan aikin suna tsakar gida.

Ki samo faifan tangaran ko murfin kwano guda biyu, ki zuba ludayi ɗaya na ruwa a kowanne da hantsi. Ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki. Kafin ki ce komai, ki tambayi yaron wanne zai riga bushewa, ki bar shi ya yi cacarsa. Da azahar ku duba tare. Washegari ki narka gishiri a ruwan ki sake shanyawa: ruwa zai tafi, gishiri ya rage fari a faifan. Nan ne za ki gaya masa rana da iska sun ɗauke ruwan ya zama tururi, ya hau sama, kuma haka ake samun kanwa a bakin tafkin Gidimuni in ruwa ya ja baya. Kashi ɗaya na ruwan tabki ta nan yake bi, wani ya nitse ƙasa, wani dabbobi su sha.

Daga nan sai randa. Me ya sa ruwan tulun Mirya ya fi na bido sanyi? Sa yaro ya shafa bayan randar, zai ji damshi. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, in ya tashi sai ya tafi da zafi. Shafa masa ruwa a dantse ki hura, ya ji sanyin a jikinsa. Aikin gumi ke nan. Da wannan dabarar ce Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ilimin kakanninmu ne, ba wani baƙon abu ba.

Dawowar ruwan ita ce ta fi burge yara. In tukunyar tuwo ta tafasa, babba ya ɗaga murfin, ba yaro ba, kuma yaron ya tsaya nesa da murhu. Nuna masa ɗigon da ke maƙale a cikin murfin: tururi ne ya gamu da sanyi ya koma ruwa. Hadari murfi ne babba, in ji ni, kuma ban taɓa ganin yaron da bai kama wannan ba.

Gwajin da na fi so shi ne na ƙanƙara. Ran kasuwa ki sayo ƙullin zoɓo daskararre a leda, ki ajiye a kwano. Ba da jimawa ba ledar za ta fara zufa. Kusan kowane yaro zai ce ledar ce ta huje. Kada ki ƙaryata shi. Ba shi farin ƙyalle ya goge: zoɓo ja ne, abin da ya goge kuwa ba launi. To daga ina ya fito? Daga iska. Da damina abin ya fi fitowa, da hunturu da ƙyar za ku ga ɗigo, don iskar a bushe take, shi ya sa leɓe ke tsagewa. Raɓar da ke jiƙa ƙafa a gona da asubar kaka ita ma hakan ce. Ga ƙanƙara, ga ruwa, ga tururi, abu ɗaya ne mai riga uku. Ga 'yan aji uku zuwa sama a ƙara da lamba: ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa wajen digiri 100.

Kuskure ɗaya da nake yawan ji: a ce wa yara hazon hunturu tururi ne. Ƙura ce iskar arewa maso gabas ta kwaso daga hamada. Ajiye tire a waje dare ɗaya, yaro ya yi rubutu da yatsa a kai.

In shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juyo daga kudu, lokacin awon ruwan sama ya yi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo da itace, da abin awo na 'yan lakwal. Bayan kowane ruwa yaro ya auna, ya rubuta, ya zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ƙasar Damagaram kan samu wajen milimita 400 a shekara, yawanci tsakanin Yuni da Satumba, don haka lissafin bai fi ƙarfin yaro ba. In rediyo ta karanto awon ma'aikatar yanayi, ya gwada da nasa. Ku kuma sa shi ya lura ta ina hadari ke tasowa, zai gano da kansa mafi yawa daga gabas ne. A nan ne za ku cusa masa gargaɗin da ya fi duka amfani, musamman ga masu kiwo: in ana tsawa da walƙiya ba a fakewa gindin itace, ba a tsayawa cikin tabki.

Kada a haɗa duka rana ɗaya, gwaji guda a mako ya isa. Malam, Hajiya, gobe da hantsi ku fitar da faifai biyun nan.