Yadda Ake Gane Kusurwa Ta Zauna Daidai da Tef da Igiya

Kafin birkila ya ɗora bulo na farko, babban abin da ke ransa shi ne kusurwar ɗaki ta zauna daidai, wato digiri 90. In ta karkace tun daga harsashi, kafinta zai sha wuya wajen rufi, mai tayil kuma ya yi ta yanke-yanke. Ido kan yaudari mutum a nan. Abin dogaro shi ne ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras, masanin Girka da aka haifa a tsibirin Samos wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake mutanen Babila sun riga shi saninta da fiye da shekara 1,000.

Ƙa'idar a kan alwatika take aiki. Da farko ka auna gefunanta uku, duk da ma'auni ɗaya. Kada ka haɗa ƙafa da mita. Sai ka ware gefen da ya fi tsawo. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sukan ɗauki lambar da aka rubuta a ƙarshe, alhali mafi girma ake nema. Ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka haɗa amsoshin biyu. Shi ma dogon ka ninka shi da kansa.

Ɗauki 5, 12 da 13. Biyar sau biyar 25, sha biyu sau sha biyu 144, jimla 169. Sha uku sau sha uku ma 169. Sun yi daidai, saboda haka kusurwar da ke fuskantar dogon gefen digiri 90 ce cif. Gwada 7, 8 da 11 kuwa: 49 da 64 sun ba da 113, dogon ya ba da 121. Ya zarce, ke nan kusurwar ta buɗe fiye da kima. Da ya gaza, da ta tsuke.

A wurin gini abin ya fi haka sauƙi. Kafa turke a kusurwa, ka ja igiya biyu. Auna ƙafa 3 a ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, ka sa alama. Ka riƙa matsar da igiya guda har tazarar alamomin ta zama ƙafa 5. Ni dai na fi son 6, 8 da 10 a babban fili, don ƙaramin kuskuren tef ba ya tasiri sosai idan awon ya yi tsawo.