Yadda A Ke Lissafin Tsufan Injin Niƙa

Masu injin niƙa da na casa da yawa sukan cire kuɗin mai da ladan yaro da na gyara, sa'an nan su ce abin da ya rage riba ne. Kuskure ne babba. Inji yana cinyewa kullum da ya yi aiki, kuma wanda bai ware kuɗin wannan cinyewa ba, uwar kuɗinsa ya ke ci bai sani ba. Ran da injin ya mutu sai ya rasa na sayen wani.

Akawuna suna da hanya uku ta yin wannan lissafi. A ce mutum ya sayi inji naira 1,000,000, yana tsammanin ya yi shekara 5, daga nan ya sayar da shi tsohon ƙarfe naira 100,000. Abin da zai narke ke nan naira 900,000.

Hanya ta fari ita ce rabo daidai. A raba 900,000 gida 5, watau naira 180,000 kowace shekara. Ita ta fi sauƙi, ko mai ɗan ilmin lissafi ya iya.

Ta biyu ita ce cire kashi daga abin da ya saura. In an ɗauki kashi 40 cikin 100, shekarar fari a cire 400,000, saura 600,000. Ta biyu a cire 240,000, saura 360,000. Ta uku a cire 144,000, saura 216,000. Haka za a yi ta yi. Amfaninta shi ne, sabon inji ya fi saurin faɗuwa a kasuwa, tsoho kuwa ya fi cin kuɗin gyara, sai nauyin ya zo kusan ɗaya kowace shekara.

Ta uku ita ce auna aikin da injin ya yi. In ana ganin zai niƙa buhu 18,000 kafin ya gaji, kowane buhu ya ɗauki naira 50 ke nan. Shekarar da kaka ta yi kyau aka niƙa buhu 5,000, a ware 250,000. Shekarar fari, in buhu 2,000 ne, a ware 100,000. Wannan ta fi dacewa da injin da yawancin aikinsa da kaka ne.

Amma a lura da abu biyu. Duk hanyar da mutum ya kama, ya riƙe ta har ƙarshe, kada ya riƙa sauyawa. Kuma lissafin nan tsohon farashi ya ke mayarwa kawai. A 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai, kayan da a ke shigowa da su daga waje suka yi tsada. Saboda haka mai hankali yakan tambayi kuɗin sabon inji kowace kaka, ya ƙara abin da ya ke ajiyewa gwargwado.