Gasar Fatsa a Bakin Teku: Abin da Na Koyo Ranar da Na Zo na Goma Sha Ɗaya

Da editan wannan mujalla ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce in rubuta darasi a kan wani abu da na koyo lokacin SIWES, sai na ce masa zan yi a kan kamun kifi. Ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kai da kake ɗan Sarkawa, wane kamun kifi kuma za ka je Legas ka koyo?" Ni ma haka na ɗauka kafin in tafi. A Yawuri aka haife ni, tun ban kai shekara goma ba nake bin mahaifina cikin kwalekwale. Na iya jefa birgi, na san inda tarwaɗa take kwana. Ashe dai kifin rijiya ne ni.

A kamfanin adana kifi da na yi wata huɗuna akwai wani dattijo mai kula da injinan sanyi, Bayarabe ne amma a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Baba muke ce masa. Shi da abokansa suna da 'yar ƙungiya ta masu fatsa, sukan fita bakin teku ta wajen Badagiri su yi gasa. Wata Asabar ya ce in zo in cike gurbin wani da bai samu zuwa ba. Mu goma sha biyu ne. Na zo na goma sha ɗaya, shi kuwa na goma sha biyun zazzaɓi ne ya tashe shi tun kafin a yi rabi. Daga wannan kunya na zauna na karanci abin, ga kuma abin da na fahimta.

Yadda gasar take

Mu gasar da muka sani ita ce ta Argungu, wadda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2016. A can dubban masunta ne ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani. A 2020 kifi mai kilo 78 ne ya ci.

Gasar bakin teku daban take. Ba homa, ba kwalekwale, ba shiga ruwa. Mutum yana tsaye a kan yashi da doguwar sandar fatsa, ya wurga ƙugiyoyinsa bayan inda igiyar ruwa ke fashewa. Wasa ne mai hukuma a duniya. An kafa babbar ƙungiyar wasannin kamun kifi, CIPS, a birnin Rum a 1952, reshenta mai kula da teku, FIPS-M, shi ke shirya gasar duniya. An yi ta a Wexford ta ƙasar Ayalan a 2016, aka yi a Conwy ta yankin Wels a 2018, Afirka ta Kudu ma ta karɓi baƙuncinta a Langebaan.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana raba gaɓar zuwa shiyya-shiyya, a kafa turaku masu lamba, kowa ya ja ƙuri'a ya san turkensa, daga nan ba ya gusawa. Sanda ɗaya ce tak za ta kasance cikin ruwa a lokaci guda, ƙugiya ba ta wuce uku, lokaci kuma awa huɗu ne ko biyar. Idan ka kama kifi, alƙali ko maƙwabcin turkenka ya auna tsawonsa a kan allon awo, a rubuta a kati, a mayar da shi ruwa da ransa. Wasu suna ba da maki ɗaya a kan kowace santimita, wasu suna da jadawalin juya tsawo zuwa nauyi. A manyan gasanni ana gwada ka ne da 'yan shiyyarka kawai: na ɗaya ya samu 1, na biyu 2, haka har ƙasa, a ƙarshe a tara, mai mafi ƙarancin adadi shi ya ci. Hikimar ita ce kada wanda ƙuri'a ta jefa shi wuri marar kifi ya cutu.

Darasi na farko: tara ƙanana ya fi jiran babba

Nan ne tunanin Argungu ya kayar da ni. Na zaɓi babbar ƙugiya, na cika ta da guntun kifi, na wurga iya ƙarfina, na zauna ina jiran giwan ruwa. Sai a awa ta uku na samu wata tarwaɗar teku mai santimita 58. Wallahi har ihu na yi. Baba kuwa, a turken da ke kusa da ni, ƙananan ƙugiyoyi uku ya sa da jatan lande, yana jefawa kusa-kusa. Kifi tara ya kama, babu wanda ya wuce santimita 30, amma da aka tara ya samu maki 231. Ni 58.

Ku yi lissafin da kanku. Awa huɗu minti 240 ne. Wanda ke janyowa ya sake jefawa duk bayan minti 12 zai yi jifa 20, da ƙugiya uku-uku ya ba kifi dama sau 60 ke nan. Wanda ke ɗaukar minti 20 jifa 12 zai yi, dama 36. Shi ya sa gwanaye ba sa zama. Yayin da ɗaurin ƙugiyoyi ɗaya ke cikin ruwa, suna shirya na biyu, su sa masa abinci su naɗe da siririn zaren roba don kada ya zube wajen jifa. Da an janyo wancan sai a cire a maƙala wannan. Kuma abincin ƙugiya ba ya daɗewa, ruwa yana wanke ƙamshinsa, ƙaguwa na sace shi. Ni da na bar nawa kusan awa guda, ashe ƙugiya tsirara nake gadi.

Darasi na biyu: wata ne ke juya teku

Kogin Kwara yakan cika ya janye ne bisa lokutan shekara. Teku kuwa sau biyu yake cikowa ya janye a kowace rana, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya. Tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25 ne, don haka kullum lokacin yana jinkiri da kusan minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkiri kowane dare.

A nan mu masu bin kwanan wata muna da riba. A farkon wata da tsakiyarsa, lokacin da rana da wata da duniya suka jeru, cikowar tana yin ƙarfi, janyewar ma ta yi nisa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa ruwan ba ya motsawa sosai. A Legas bambancin cikowa da janyewa wajen mita ɗaya ne. A mashigin Bristol na Ingila yakan haura mita 12.

Akwai wata ƙa'ida da matuƙan jiragen ruwa ke aiki da ita. A raba dukkan hawan ruwan gida 12. A awa ta farko zai hau kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Misali, idan hawan santimita 120 ne, zai zo 10, 20, 30, 30, 20, 10. Wato rabin hawan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake faruwa. Idan gaɓar tana gangarawa santimita 5 a kowace mita, hawan santimita 30 zai cinye mita 6 na yashi cikin awa guda, ban da tsallen igiyar ruwa.

Wannan lissafi da tsada na saye shi. Na zo da logbuk ɗina a jaka don Baba ya duba mini bayanin injina na makon, na ajiye jakar a inda na ga yashi a bushe. Tun da safe ya ce mini, "Ɗana, ɗauke kayanka ka kai bayan waccan tarkacen, nan ne iyakar ruwan jiya." Na ce, "To Baba, yanzun nan." Na manta. Ina can ina murnar tarwaɗata wata igiya ta zo ta lulluɓe jakar. Waya ta mutu, aikin mako goma sha ɗaya ya zama kunu. Kwana tara na yi ina sake rubutu cikin dare, ina bin ofis-ofis neman sa hannu, ga malamin da zai zo duba mu daga makaranta saura mako biyu. Da ban gama ba, da yanzu maganar maimaita SIWES muke yi.

Darasi na uku: karanta gaɓa kafin ka jefa

A ido teku ruwa ne kawai shimfiɗe, amma ƙarƙashinsa akwai tudu da kwari. Inda ka ga igiya tana fashewa da farin kumfa nesa da gaɓa, tudun yashi ne. Tsakaninsa da gaɓa, inda ruwan ya yi duhu ya ɗan lafa, kwari ne, nan tana da ƙaguwa da jatan lande ke taruwa, nan kifi ke zuwa kiwo. Sau da yawa bai wuce mita 30 ko 40 ba. Ni duk jifata tsallake shi take yi ta sauka a kan tudu. Shi ya sa masu gasa ke zuwa lokacin janyewar ruwa su ga surar wurin. Masu ƙwarewa kuma sukan gwada nesa, su gwada kusa, har su gano layin da kifin yake.

Darasi na huɗu: dalma makami ce

Sandar bakin teku takan kai mita huɗu ko fiye, dalmar da ake ɗaurawa a ƙarshen zare kuma gram 120 zuwa 170. 'Yan sashen injiniya, ga aikinku. Kafin abu ya yi tafiyar mita 100 a kusurwar digiri 45, ko da an cire tirjiyar iska, sai ya tashi da gudun kusan mita 31 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 113 a awa. Dalma mai gram 150 a wannan gudu tana ɗauke da jul 74, daidai da dutse mai kilo biyu da rabi da ya faɗo daga tsayin mita 3. Gwanayen jifa kuwa sun wuce nan da nisa, Danny Moeskops na Beljiyam ya taɓa wurga dalma fiye da mita 280 a filin gasa.

To idan zare ya tsinke a tsakiyar jifa, dalmar nan ba ta san inda za ta ba. Don haka ake ƙulla kakkauran zare a gaban siririn, mai tsawon da zai bi sanda har ya zagaya kwarkwaron naɗe zare sau biyar ko shida. Ƙa'idarsu ita ce ƙarfin kilo huɗu da rabi ga kowane gram 28 na dalma. Gram 150 na buƙatar kusan kilo 24, akan cika shi zuwa 27. Kafin kowace jifa kuma, waiwaya. Idan hadari ya taso, kwantar da sanda ka bar wurin, domin sandunan zamani na kabon suna ɗaukar lantarki.

Darasi na biyar: wanda ya fi duka

Ko ba za ka taɓa riƙe sandar fatsa ba, riƙe wannan. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 853, kuma duk shekara 'yan'uwanmu suna tafiya Legas, Fatakwal da Kalaba koyon aiki, ranar hutu a ce mu je bakin ruwa a ɗau hoto. Idan ka ga wani gurbi a tsakiyar igiyoyi inda ruwa ya kwanta luf, ba ya kumfa, kada ka ce nan ne wurin wanka. Ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa teku da ƙarfi. Masu fatsa suna son gefensa don kifi na taruwa, amma mutum in ya shiga jan sa yake yi. Wanda ya tsinci kansa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ya natsu, ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, ya ɗaga hannu a gan shi. Ni da na iya iyo tun ina ƙarami, Baba bai bar ni na wuce gwiwa ba.

Maganar mayar da kifi

Da aka auna tarwaɗata aka ce in sake ta, sai da na kalli Baba sau biyu. Na ce, "Haba Baba, miyar kwana biyu ce fa." Ya ce, "Ɗana, kai da za ka gaji ruwa, ka fi kowa buƙatar ta koma ta yi ƙwai." Da na ba mahaifina labari ya yi ta dariya, amma daga baya shi da kansa ya ce kifin da suke samu yanzu bai kai na ƙuruciyarsa ba, kuma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi yana cikin abin da ya jawo. Ba na cewa masunci ya saki abincin iyalinsa. Amma allon awo da katin rubutu abu ne da ƙungiyoyin masuntanmu za su iya ara, a san girman da bai kamata a taɓa ba.

Kafin in baro Legas na sake shiga gasar sau ɗaya, da 'yar takarda a aljihu mai lokacin cikowar ruwa, jakata kuma can bayan tarkace. Na zo na biyar. Ga mai son gwada kansa: idan teku ya cika da ƙarfe 6:10 na safe ranar Litinin, ƙarfe nawa zai cika da safiyar Alhamis? A kai amsa ofishin ƙungiyar ɗalibai, wanda ya fara dacewa ina bin sa bashin gasasshen kifi. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai masu tafiya SIWES lafiya ya dawo da su lafiya.