Takwaranka na Dakar Ya Riga Ya San Gyaran

Inji ya tsaya a reshenku, an kwana uku ana fama. Daga baya ka ji wai abokan aikinku na wata ƙasa sun gyara irinsa tun bara, cikin awa biyu. Ba rowa suka yi ba, ba wanda ya tambaye su. Ga abin da za ka fara gobe da safe.

1. Nemi takwaranka, ba ogansa ba. Rubuta sunan mai irin aikinka a kowane reshe, ka kira mutum ɗaya. Ku gaisa sosai tukuna. Wanda ya san muryarka ba ya barin imel ɗinka ya kwana.

2. Takardu su zauna wuri ɗaya, SharePoint ne ko Google Drive. WhatsApp na gaggawa ne. Rahoton da ya shiga can, nemansa sai an sha wuya.

3. Ku daidaita lambobi. Nan fa ake yin ɓarna shiru. A Legas 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Mai lissafi da Faransanci a Douala ko Yamai, ɗaya da rabi zai karanta, domin a wurinsu waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Na taɓa ganin ana ta cacar baki kan oda guda, ashe waƙafi ne kawai. Kwanan wata ma haka: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Rubuta sunan wata, ka faɗi kuɗin: naira, sefa ko dala.

4. Duba agogon kowa kafin ka sa taro. Simintin Dangote na da masana'antu a Obajana, da Pout ta Senegal, da Mugher ta Habasha. Tara na safe a Obajana, takwas ne a Pout, sha ɗaya a Mugher. Habashawa kuma daga wayewar gari suke ƙirga awa, bakwai na safe a can ita ce ɗayarsu. Ka kauce wa lokacin sallar Juma'a, kada kuma kullum reshe ɗaya ke yin sammako.

5. Ari dabarar Toyota da suke kira yokoten: duk wanda ya warware matsala, ya yaɗa wa sauran. Shafi ɗaya ya isa: me ya faru, me ya jawo, yaya aka gyara, sai hoto. Fara da kuskuren reshenku. In ka fito da naka, su ma za su saki jiki.

6. Bayanan kwastomomi kuwa, dakata. Turai na da dokar GDPR tun 2018, Najeriya ta yi tata a 2023. Kafin sunan kowa ya tsallaka iyaka, leƙa ofishin lauyan kamfani.