Darasin Mako: Rubutun Bayanin Aiki da Amfaninsa Gare Mu

Mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida, a wannan makon mun kawo muku darasi a kan wani irin rubutu da ba a cika yi mana maganarsa a aji ba, wato rubutun bayanin aiki.

Ga abin da ya jawo hankalinmu. Tun da aka sami sauƙin tsaro, har Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, mutane da yawa sun koma gonakinsu na cikin daji da suka bari shekara da shekaru. Da damina ta faɗi, da yawa daga cikinmu iyayenmu sun miƙo mana robar maganin feshi suka ce, “Kai ɗan boko, karanta mana.” Muka duba, ga Turanci ƙanana ƙanana, ga ma'auni a lita da hekta. Muka yi ta in-ina. Ƙarshe dai aka koma ga kirdado, alhali maganin nan guba ne. Idan ya yi yawa ya ƙone shuka, idan ya yi kaɗan an yi asarar kuɗi.

Mene ne rubutun bayanin aiki?

Shi ne rubutun da ake yi domin mai karatu ya iya yin wani aiki daidai, ko da babu wanda zai tambaya. Misalinsa takardar da ke cikin kwalin magani, da ɗan littafin da ke zuwa tare da sabon janareto, da takardun da malaman gona ke rabawa, da rahoton da injiniya ke rubutawa bayan ya duba gada. Ya bambanta da insha'in da muke yi a aji. A insha'i ana yaba mana idan mun sa karin magana da azanci. A nan kuwa ba a son mai karatu ya tsaya yana tunanin me ake nufi.

Dokoki biyar da muka koya

1. Ka san wanda zai karanta. Bayanin da za a yi wa likita daban, wanda za a yi wa kaka a ƙauye daban.

2. Gargaɗi ya zo a farko. Ba amfani a ce “kada ka yi feshi iska na kaɗowa gare ka” a layin ƙarshe, bayan mutum ya gama shaƙa.

3. Aiki ɗaya a layi ɗaya, kuma a jera su yadda za a yi su.

4. A faɗi ma'auni da lamba, da abin da mutum yake da shi a gida. Kalmomi irin su “ɗan kaɗan” da “daidai gwargwado” ba su da wuri a nan.

5. A gwada rubutun a kan wani kafin a liƙa shi.

Gwajin da muka yi

Malaminmu mai kula da ƙungiya ya ce mu rubuta yadda ake haɗa garin O.R.S., wanda ake ba yaro mai gudawa don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Da farko muka rubuta: “A zuba garin a ruwa daidai gwargwado, a ba yaro ya sha.” Muka ba ƙannenmu biyu 'yan aji ɗaya su bi. Ɗaya ya ɗauko kofin shayi, ɗayar ta ɗauko bokiti. Kowa ya yi dariya, sai malam ya ce wannan ba abin dariya ba ne, domin idan ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi yawa, kuma yana iya cutar da yaron. Laifin na rubutunmu ne. Muka zauna muka sake:

1. Wanke hannu da sabulu.
2. Duba jikin ledar garin, ka tabbata ta lita ɗaya ce.
3. Zuba lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a mazubi mai murfi. Ruwan leda biyu masu 50cl su ne lita ɗaya.
4. Juye garin duka, ka motsa har ya narke.
5. Ba yaro kaɗan kaɗan da cokali ko kofi, akai akai.
6. Zubar da abin da ya rage bayan awa 24, ka haɗa sabo.
7. Idan yaro ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan take.

Da muka sake ba su, dukkansu suka yi daidai, babu wanda ya yi tambaya.

A ina ake koyon wannan?

A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na shekara biyu da ake karanta wannan fanni shi kaɗai. A ƙasarmu mafi kusa da su su ne kwalejojin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna da ake kira Kadpoly, da ta Nuhu Bamalli a Zariya. Hukumar da ke tsara musu manhaja, wato NBTE, a Kaduna hedkwatarta take. Ana yin ƙaramar difloma a shekara biyu, a fita aikin sanin makama na shekara ɗaya, sannan a dawo babbar difloma ta wasu shekaru biyu. Masu karatun injiniya suna yin darasin rubuta rahoton fasaha. Idan kuma ɗalibi ya je koyon aiki na SIWES, dole ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana a littafi, a ƙarshe ya haɗa rahoto a ba shi maki. Ke nan ko kanikanci mutum zai karanta, rubutu na jiransa a gaba.

Akwai aikin yi?

Ba za mu ce da an gama aiki na jira a bakin ƙofa ba, domin mun san yayyenmu masu difloma da ke zaune a gida. Kuma da wuya ka ji an yi tallar aiki da sunan “marubucin bayani”. Aikin yana ɓoye ne a cikin wasu ayyuka. A Samaru, Zariya, akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta shi ne ta ɗauki binciken masana ta mayar da shi bayanin da manomi zai gane, a takarda da rediyo. Kamfanonin iri da taki, da ma'aikatar lafiya, da gidajen rediyo, da masu yin manhajar waya, duk suna bukatar wanda ya fahimci abu da Turanci kuma ya iya faɗarsa da Hausa mai sauƙi. Abin da zai ɗaga mutum shi ne ya haɗa biyu: sanin wani fanni, kamar noma ko lafiya ko lantarki, da iya rubutu.

Mu tuna kuma cewa Alhaji Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, a Kagara aka haife shi a 1911, nan maƙwabtanmu. Idan ɗan Kagara ya yi suna da alƙalami, ɗan Birnin Gwari ma zai iya.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi aiki ɗaya da ya iya, kamar ɗaura gidan sauro, ko faci, ko shanya masara kafin a zuba a buhu. Ya rubuta matakansa, kada su wuce takwas. Ya gwada a kan ƙaninsa, sannan ya jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Guda uku da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo.

Amma muna jan kunne: kada kowa ya rubuta ma'aunin maganin feshi daga kansa. Wannan sai an tambayi malamin gona. Abin da za ku iya gaya wa iyaye tun yau shi ne su duba launin zanen da ke ƙasan takardar jikin robar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma ko mai koren ma guba ne, a ajiye shi nesa da yara da abinci.

Malamai, idan kun ga kuskure a darasinmu ku gyara mana. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.