Wanzami Ba Ya Son Jarfa

'Yata, mahaifiyarki ta ba ni labarin ƙorafin da kika yi ranar Juma'a. Wai shekara ba ta gama zagayowa ba an sake cewa ki sabunta lasisi, ga kuɗi, ga takardun bita da za a tattara, alhali mutane na zaune a benci suna jiranki. Na yi dariya, ba don na raina gajiyarki ba. Karin maganar nan na tuna, wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke wuni muna auna kunnuwan jama'a da harsunansu, ranar da aka ce mu ma a auna mu sai rai ya ɓaci. Ni kaina na yi wannan tsakin shekara da shekaru kafin in ajiye aiki. To, gyara zama ki ji abin da kawunki ya gano a makare.

Kin san hukumar da ke riƙe da sunanki, MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988. Ita ke kula da masu gwajin ji da masu gyaran magana, tare da masu gashin ƙashi da masu haɗa ƙafar roba da sauran 'yan uwansu. Rajista sau ɗaya ake yi, lasisin aiki kuwa kowace shekara. Da gangan aka raba su. Digirinki shaida ce cewa akwai ranar da kika san abin da ake koyarwa a wannan ranar. Lasisi kuwa izini ne na bana, na ki sa na'ura a kunnen ɗan wani ki kuma faɗa wa uwarsa maganar da za ta gina shekaru a kanta.

Na ji kina cewa a ƙasashen waje ba a wahalar da mutane haka. Kayya. A Amurka, ƙungiyar ASHA tana neman awa 30 na ƙarin ilimi duk shekara uku kafin mutum ya ci gaba da riƙe shaidarta, kuma dole awa ɗaya a ciki ta kasance kan ladubban aiki. Wannan ban da lasisin jihar da yake zaune, wanda ke da nasa sharuɗɗan. A Ingila, hukumar HCPC duk shekara biyu ake sabunta rajista da ita, kuma takan zaɓi kashi 2.5 cikin 100 na masu sana'ar, wato mutum ɗaya cikin 40, ta ce su kawo bayanin abin da suka koya. Tsarin nan na Ingila ya fi kwanta mini, domin ba ƙirga awoyi suke yi ba. Tambayarsu ita ce, me ka koya, kuma wane marar lafiya ya amfana da shi? Da da mai yi mini wannan tambayar tun ina da ƙuruciya, da labarin da zan ba ki yanzu bai faru ba.

Wata mata ta kawo mini ɗanta yana da shekara biyu, ba ya cewa ko "Inna". Ta ce ya yi shawara mai tsanani yana jariri, har idonsa ya koma rawaya. Na ji maganar, ban ba ta nauyinta ba. Na yi abin da aka koya mini: na zaga bayansa, na tafa hannu. Yaron ya waiwayo. Na yi murmushi na ce mata ta kwantar da hankalinta, yara maza sukan yi nauyin baki, ta ba shi lokaci. Ta yi godiya, har da addu'a.

Sai da ya kai shekara biyar ta dawo da shi. Ashe ba tafin ya ji ba. Ko inuwata ya gani, ko iskar hannuna ce ta taɓa masa ƙeya, Allah ne masani. Yaron da ba ya ji sosai idonsa kaifi gare shi, kin sani. Shekara ukun nan da na ce ta jira suna cikin shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar harshe, kuma ba a sayo su a kasuwa. Matar ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi haka Allah ya ƙaddara. Wannan ya fi mini ciwo da a ce ta zage ni.

Bayan haka ne, a wajen wata bita da na je da ƙyar ina gunaguni, na fara ganin na'urar da ke auna amon da lafiyayyen kunne ke mayarwa, abin da Baturen nan David Kemp ya gano tun 1978. Jariri na barci, cikin 'yan mintoci an gama. Na yi zaton na iso ƙarshen ilimi. Wata bitar kuma ta nuna mini cewa irin lahanin da shawara ke yi sau da yawa a jijiyar ji yake, don haka jariri kan iya cinye wancan gwajin lafiya lau alhali saƙo ba ya isa ƙwaƙwalwa daidai, ba a gane haka sai an yi masa gwajin ABR mai bin sawun saƙon a jijiya. Kin ga, ilimin da ya gyara kuskurena na farko shi ma sai da aka yi masa gyara.

Ga abin da ya bambanta sana'armu da ta tela. In ɗinki ya ɓaci, mai riga zai dawo ya yi faɗa. Namu mutanen fa? Jariri ne, ko kurma, ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe. Ba mai iya ce miki, "Malama, an daina yin haka." Kina iya shekara goma kina aiki da tsohon yayi, kowa na gaishe ki da girmamawa. Takardar nan da ke ba ki haushi ita kaɗai ce ke tsayar da ke sau ɗaya a shekara ta yi miki tambayar da su ba za su iya yi ba.

Kuma abubuwa na gudu. Lokacin da na fara aiki, da ɗan ƙaramin sukundireba muke daidaita na'urar ƙara ji. Na'urori masu aiki da kwamfuta sun shigo kasuwa a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mana ɓarna a Arewa ya bar yara da yawa da kurumta. Yanzu ƙa'idar da ake bi ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Dashen na'ura a cikin kunne, wanda Amurka ta amince a yi wa 'yan shekara biyu a 1990, ya sauko zuwa 'yan wata tara a 2020. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ɗauki desibel 20 a matsayin iyakar lafiyayyen ji, maimakon 25 da muka haddace. Wanda bai buɗe littafi ba tun da ya bar makaranta zai sallami mutum ya ce ƙalau yake.

Rahoton nan ya kuma ce kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko mai gwajin ji ɗaya ga mutum miliyan. Mu ma nan kin san yadda muke, 'yan tsiraru. A inda masu sana'a suka yi yawa, in ɗaya ya yi kuskure na gaba zai kama. A garin da kike, wa zai kama naki?

Sai dai kada ki ɗauka duk ƙarin ilimi daga Turai yake zuwa. Yawancin jerin kalmomin gwajin da muka gada da Turanci aka tsara su. Ki zaunar da dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ki ce ta maimaita kalmomin Ingilishi, in ta kasa ki rubuta cewa ba ta ji, kin zalunce ta. Harshenmu na da nasa ma'aunin: kafa da ƙafa, bari da ɓari, baki da baƙi, ga gari na zama da garin tuwo waɗanda sai karin sauti da jan wasali ke raba su. Yaron Sakkwato da ya ce "hwari" ba shi da lalurar furuci, maganar gidansu yake yi. Ki saurari kakanni yadda suke wasa da jikoki. Ki je makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano ki zauna da malamai, ki koyi maganar hannu ko da ta gaisuwa ce. Ni sai da furfura ta fito na koya, ina kuskure yara na dariya.

Abu ɗaya zan roƙe ki da girman Allah. Za ki haɗu da masu zuwa bita su sa hannu da safe, su ɓace, su dawo da la'asar karɓar satifiket. Za ma a yi miki tayin takardar taron da ba ki je ba. Kada ki karɓa. Hukuma za ta iya ruɗuwa, amma ranar da aka kawo miki yaron da aka yi wa allurar jentamaisin ya daina jin "s" da "sh", uwarsa na cewa ai yana juyowa in an kira shi, takardar ba za ta faɗa miki cewa sautuka masu tsini ne ke fara tafiya ba. Gara bita biyu da kika zauna daga farko har ƙarshe da guda takwas na hoto.

Sauran kuwa ƙananan dabaru ne. Ki ware ɗan abu daga albashin kowane wata don kuɗin lasisi, kada ya zo miki tare da hidimar Sallah. Ki riƙa duba sanarwar hukuma da kanki, ba jita-jitar WhatsApp ba, domin sharuɗɗa kan sauya. Ki tanadi fayil guda, duk bitar da kika je ki jefa takardar ciki, a bayanta ki rubuta layi biyu: abin da na koya, da abin da zan daina yi. Na'urar auna jin da ke ofishinki ma, duk shekara ya kamata a zo a daidaita ta. Ki matsa wa shugabanki lamba a kan haka, cikin ladabi amma ba fasawa.

In kin zo hutu ki taho mini da fayil ɗin in gani. Ki kuma taho da na'urarki ta tafi-da-gidanka, domin gwaggonki ta dage wai rediyona ya cika ƙara kwanan nan, ni kuma na ce mata batir ne sabo.